Cikin Fari Tsakanin Argungu da Augie: Yadda Muka Nemo wa Amaryarmu Ungozoma

Amaryar ƙanena tana da shekara 19 ta samu cikin fari. A Argungu suke zaune, a sashe ɗaya na gidanmu na gado, tare da mahaifiyarmu da duk muke kira Hajiya. Shi sarin shinkafa yake yi, yau yana bakin fadama wurin manoma, gobe yana kasuwar Jega ko Kamba. Iyayenta suna wani ƙauye a ƙaramar hukumar Augie, inda da rani ɗan kabu-kabu ke sauke mutum a ƙofar gida, da damina kuwa sai an haɗa da jirgin ruwa. Ni malamar makaranta ce, na haifi huɗu, kuma ni ce babba a ɗakinmu, shi ya sa nauyin lamarin ya hau kaina. Da izininsu su biyun na rubuta shi, sunaye kuma na bar su a gida.

Wata huɗu ba wanda ya ce uffan

Kowa a gidan ya gane tana da ciki tun wata na biyu. Ta daina cin miyar kifi, ita da ta tashi a bakin gulbi. Warin man gyaɗa na tayar mata da zuciya, da hantsi kuma sai barci. Amma ba wanda ya furta. Ita tana kunyar Hajiya, mijinta yana kunyar mahaifiyarsa, Hajiya kuma tana ganin ƙaramin ciki ba a yawo da zancensa, saboda ido da bakin mutane. Kunyar ɗan fari tun yana ciki take farawa.

Ran da na tsare ta a ɗakinta, ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

"Amarya, wata nawa ke nan ba ki ga al'ada ba?"

Sai da na maimaita sau uku.

"Huɗu, Yaya."

"Kin tahi awo?"

"A'a. Ba ni ciwon komi."

Da gaskiyarta ta faɗa. A saninta asibiti wurin marar lafiya ne, ita kuwa laulayi ya wuce, tana daka, tana shara. Ba ta san cewa yawancin abin da ake nema a wurin awo abubuwa ne da ba sa ciwo sai sun yi nisa ba: ƙarancin jini, hawan jini, kwanciyar ɗa ba daidai ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta haihu, maimakon sau 4 da ake cewa a da, zuwan farko kuma cikin mako 12 na farko. Wannan zuwan farkon ya riga ya wuce mu.

Ni ba na cikin masu cewa a zubar da kunya. Har yau ba na kiran sunan ɗana na fari, kuma ina ganin kyan abin. Sai dai magabata da suka ɗora wa amarya kunya ba su bar ta haka ba, sun ajiye mata masu magana a madadinta: kaka, gwaggo, yayar miji. Ni ce mai wannan aiki a gidanmu, kuma na makara da wata biyu.

Ƙofa uku muka ƙwanƙwasa

Wanda bai taɓa nema ba zai ɗauka abin mai sauƙi ne, a je asibiti a yanki kati. Jihar Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21 da gundumomi 225, kuma manufar gwamnati ita ce kowace gunduma ta samu cibiyar lafiya matakin farko mai aiki. Amma binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Najeriya kashi 43 cikin 100 na haihuwa ne ake yi a hannun ƙwararru, a Kebbi kuwa kashi 3 kacal, mafi ƙanƙanta a duk ƙasar. Akan ɗora laifin a kan mata da mazajensu, a ce ba sa zuwa. Akwai gaskiya a ciki. Akwai kuma matan da suka je suka dawo ba su iske kowa ba.

Abu na farko da na koya shi ne ba duk mai farin kaya ce ungozoma ba. Mu dai duk wadda muka gani a asibiti "nas" ce ko "likita". Ungozomar asibiti ita ce wadda ta yi karatun karɓar haihuwa musamman, shekara 3, ko shekara 2 ga waɗanda ake horarwa don aiki a karkara, ta kuma samu lasisi daga hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa. Akwai kuma ma'aikatan lafiyar al'umma, irin waɗanda ake yayewa a kwalejin kiwon lafiya ta Jega. Su ne ke riƙe da mafi yawan ƙananan asibitocin ƙauye, kuma tun 2014 gwamnati ta amince a ƙara musu horo su yi awo su karɓi haihuwar da ba ta zo da matsala ba. Suna ƙoƙari matuƙa. Amma ya kamata mai ciki ta san hannun wa take. A 2009 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi karkara, huɗu-huɗu a kowace cibiyar da aka zaɓa, don a samu mai tsaron dare da rana. Shirin ya raunana daga baya, kuma mu ne muke ganin giɓin da ya bari.

Ƙofar farko ita ce ƙaramin asibitin da ya fi kusa da mu. Mun isa da ƙarfe takwas, muka iske mata cike da benci har ƙasa. Ma'aikata biyu ne ke fama da su duka. An auna nauyinta, an ba ta maganin ƙarin jini, an ce ta dawo wata mai zuwa. Na'urar awon jini ta lalace a ranar. Na tambaya wa ke kwana a wurin, aka ce da la'asar ake rufewa. Ban ga laifin matan nan biyu ba, amma na san naƙuda ba ta duba agogo.

Ƙofa ta biyu asibitin kuɗi ne. Akwai tsafta, akwai na'urar hoton ciki, kuma a nan muka yi sikanin da ya tabbatar mana ɗa ɗaya ne, ya kuma daidaita mana lissafin makonni. Kuɗin karɓar haihuwarsu ya fi ƙarfin ƙanena, sannan zuwa biyu da muka yi fuska biyu muka gani. Yarinyar da sai an tambaye ta sau uku take amsawa ba za ta buɗe cikinta ga sabuwar fuska kowane wata ba.

Ta uku wata abokiyar aikina ce ta yi mini kwatance, cibiyar lafiya a wata gunduma, tafiyar Keke Napep. Ta ce akwai wata ungozoma da ake kira Sista, gidanta yana bayan asibitin. Na je ni kaɗai tukuna, na yi mata tambaya uku. Wa zan iske da ƙarfe biyun dare? Idan abu ya fi ƙarfinku ina kuke turawa? Kuna da maganin jijjiga da na tsayar da jini? Ba ta ji haushi ba. Ta tashi ta buɗe kabad ta nuna mini kwalaben maganin jijjiga, ta buɗe firij mai aiki da hasken rana ta nuna mini allurar da ake yi wa mace da zarar ta haihu don mahaifa ta tsuke, ta ce zafi yana kashe ƙarfinta, shi ya sa ba a barin ta a kan tebur. Game da dare kuma ta ce, "Mai gadi ya san tagata."

"Ina za ki haihu?"

Cikin yana mako 20 muka kai ta, ana tsakiyar zafin Mayu. Sista mace ce da ta doshi hamsin, mai magana a hankali. Ta sa ni na zauna a waje da farko, ta rufe ƙofa, suka yi kusan minti ashirin su biyu. Daga baya amarya ta gaya mini cewa a nan ta fara faɗa wa wani mahaluƙi cewa tana tsoron haihuwa, domin wata ƙawarta ta rasu wurin haihuwar fari.

Da aka kira ni na ga sauran aikin. Ta naɗa mata abin awon jini a dantse, ta rubuta 110 bisa 70, ta juyo da katin ta nuna mata lambar da yatsa. "Ƙanwata, wannan shi ne naki. Duk ran da aka ce miki 140 bisa 90, ko fiye, ki ce a kira ni." Ta auna tsawon cikin da tef, ta kafa ɗan ƙahon sauraro ta kara kunne, ta yi shiru tana duban agogon hannunta, sannan ta yi murmushi. Ta ja fatar idonta ta ƙasa ta duba, ta ce jinin da saura. Aka ɗebi jini da fitsari: yawan jini, rukunin jini, sikila, cutar ƙanjamau, tunjere, ciwon hanta. Aka yi mata allurar tetanus ta farko, za a maimaita bayan mako huɗu. Aka ba ta ƙwaya uku na rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta haɗiye a gaban Sista, wanda ake fara bayarwa bayan ciki ya wuce wata uku, a riƙa maimaitawa wata-wata. Ta ce mata maganin ƙarin jini zai mayar da bayan gida baƙi, kada ta tsorata ta watsar. Wannan 'yar magana kaɗai da ta hana mata da yawa ɓoye maganin a ƙarƙashin katifa, da a ce ana faɗa musu.

Ta kuma ce mu tambayi rajistar KECHEMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, domin Dokar Lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don irin waɗannan cibiyoyi da masu ƙaramin ƙarfi.

Tana cikin rubutu ta jefo tambayar ba tare da ta ɗago ba.

"Ina za ki haihu?"

"Gida."

"Wane gidan?"

"Gidanmu. Za a zo a ɗauke ni goyon ciki."

Sista ta ajiye biro. Ta tambayi sunan ƙauyen, ta ƙirga watanni da yatsu, ta dube ni. "Malama, haihuwar nan ƙarshen damina za ta faɗo. Kin san hanyar can a watan Satumba?"

Na sani. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020, lokacin da ruwa ya shanye gonakin shinkafa a faɗin jihar nan, ya sani. Ban dai taɓa haɗa lissafin biyu wuri ɗaya ba.

A nan ne zuciyar lamarin take. Jadawalin zuwa awo sau 8 ya faɗa ne a makonni na 12, 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Biyar daga cikin takwas suna cikin wata ukun ƙarshe, domin a lokacin ne hawan jinin ciki da sauran matsaloli suka fi bayyana, kuma mai cikin fari tana cikin waɗanda hawan jinin ya fi kamawa. To, daidai wannan lokaci ne al'adarmu ke ɗauke mai cikin fari daga garin da ta yi awo, daga hannun wadda ta san ta, ta kai ta inda ba wanda ya taɓa ganin katinta. Mace za ta yi awo da ƙwazo wata huɗu, zaren ya tsinke a gaɓar da aka fi buƙatarsa.

Ranar da Kaka ta shiga asibiti

Son ran Sista a bar ta a Argungu. Da aka aika wa mahaifiyarta, wadda muke kira Inna, amsa ta dawo a gajarce: haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Ban ga laifin Inna ba. Goyon ciki yana da alheri mai yawa. A gidansu yarinya za ta miƙe ƙafa, ta ci abin da ranta ke so, ta yi kuka in ta ji ciwo ba tare da kunyar surukai ba. Ni ma can na yi tawa haihuwar farin.

Sista ba ta ja da al'adar ba. Cewa ta yi ranar da za a zo ɗaukarta a biyo da masu ɗaukar ta wurinta. A farkon Agusta, cikin yana mako 30, Inna ta zo tare da tsohuwar ungozomar ƙauyensu, wadda kowa ke kira Kaka. Ita ta yanke wa amarya cibiya, ita ta yanke wa Inna. A al'ada aikin irinsu yakan fara ne bayan ɗa ya faɗo: yanke cibi, binne mabiyiya, wankan jariri, kula da mai jego. Kaka ta shigo tana ɗari-ɗari, don ta saba a irin wannan wuri harara ake bin su da ita.

Sista ta sauko daga kujera ta russuna ta gaishe ta. Ta tambaye ta shekara nawa tana aikin, ta saurara. Ta naɗa wa Kaka abin awon jini a nata dantsen don ta ji yadda yake matsewa. Sannan ta tambaye ta ko ta taɓa ganin mai ciki ta faɗi tana taune harshe, wato jijjiga.

"Mun gani, ɗiyata. Iska muka ce mishi. Akwai wadda ta cika bisa ƙafata."

"Kaka, kafin ya shigo yana sallama. Ciwon kan da ba ya jin magani. Kumburin fuska da hannu. Ta ce tana ganin duhu-duhu ko walƙiya. Ciwo a ƙahon zuci. In kin ji sallamarsa, ki sa a kira ni. Haka in kin ga jini, ko ruwa ya fashe ba naƙuda, ko ɗan ya daina motsi, ko naƙuda ta wuni ta nemi kwana."

Kaka ta maimaita su ɗaya bayan ɗaya tana lanƙwasa yatsu.

Aka tsara sauran a zaune. Sista ta rubuta lambarta a bayan katin awo da manyan baƙaƙe. A gabanmu ta kira ma'aikaciyar lafiyar da ke gundumar su amarya, ta karanta mata abin da ke katin. Aka yarda cewa da ciki ya shiga wata tara, Inna za ta dawo da ita Argungu su sauka gidan ƙanwar Inna, ga uwa a kusa, ga asibiti a kusa. Aka damƙa wa Inna kuɗin mota da na jirgi a ƙulle. Aka karɓi lambar mai jirgin ruwa da ta wani direba. Ƙanena da wani amininsa suka je aka duba rukunin jininsu, ko za a buƙata. Abu na ƙarshe Sista ce ta nema, kuma shi ya fi yi wa ƙanena nauyi, don yana kunyar surukarsa. Ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce, "Inna, na ba da izini tun yanzu. Duk sa'ad da anka ga abin da ba a gane ba, a tahi da ita asibiti, ko ina kusa ko ina nesa. Kada a jira ni."

Kwana uku, awa biyar

A mako na 33 amarya ta je wurin ma'aikaciyar gundumarsu. Jinin ya nuna 130 bisa 85. Bai kai layin haɗari ba, amma ya ɗaga daga nata na asali, kuma ma'aikaciyar ta gane haka ne saboda lambar farko tana kan kati. Ta kira Sista, aka ce ta dawo bayan mako ɗaya. Kafin makon ya cika gulbi ya kawo. Hanyar asibitin gundumar ta nutse, maza suka duƙufa ceton abin da ya rage a gona, ranar dawowa Argungu ta zo ta wuce. Ina kira ana ce mini lafiya lau, a bari ruwa ya ɗan janye.

Ciwon kai ya fara ran Talata, cikin yana mako 37. Ta sha farasitamol ta yi shiru. Ran Laraba ƙafa ta cika, aka ce ai haka masu ciki suke, wata ma ta ce alamar namiji ce. Aka ƙara mata maganin zaƙi. Akwai abin da ban lissafa ba: amarya ita ce 'yar farin Inna. Inna ba ta kiran sunanta, ba ta tsura mata ido. Yarinyar da aka kai gida don ta huta da kunyar surukai ta tarar da wata kunyar tana jiranta.

Ran Alhamis da hantsi Kaka ta leƙo. Tsakanin kaka da jika ba shamaki, sai ta kama fuskarta da hannu biyu ta juya ta wajen haske. Idanun sun ƙanƙance a cikin kumburi. Zoben azurfar da ke yatsanta ya nutse a nama.

"Ke, mi kika gani in kin dubi ƙofa?"

"Kamar taurari, Kaka."

Kaka ta sa wani yaro ya karanta lambar da ke bayan kati. Sista ta ce a fito da ita yanzu-yanzu, ta kira ma'aikaciyar gundumar, ta kira ni. Ma'aikaciyar ta tarye su a bakin ruwa da na'urarta: 170 bisa 110. Maganin jijjiga ya ƙare a asibitinsu a makon. Ta kwantar da ita a kan gefen hagu a cikin jirgin, ta shiga ta zauna a kanta har ƙetare. Ƙanena yana Kamba, ba wanda ya jira shi.

Sista ta ce mini, "Malama, kada ku biyo ta wurina. Ku wuce babban asibiti kai tsaye, can za ku iske ni." Daga kiran Kaka zuwa gadon asibiti awa biyar aka yi. Mun iske ta a ƙofar ɗakin haihuwa, ta riga ta yi wa likita da ungozomomin wurin bayani. Cikin abin da bai kai rabin awa ba an gwada fitsari, an sa wa amarya maganin jijjiga ta jijiya da kuma allura a kowane gefen ɗuwawu, an ba ta na saukar da jini. Ta ce zafi ya game mata jiki kamar an rufe ta da bargo a rana. Wannan magani, magnesiyam salfet, ba mai tsada ba ne, kuma wani babban bincike da aka wallafa a 2002, kan mata kimanin dubu 10 a ƙasashe 33, ya nuna yana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. Amarya ba ta jijjiga ba.

Likita ya ce maganin wannan ciwo na gaskiya shi ne a raba ta da cikin, kuma ɗan ya isa fitowa. Za a tayar da naƙuda, in ta ƙi sai tiyata. Inna na jin kalmar tiyata ta fara hawaye, rabi tsoro rabi tunanin kuɗi. A Nuwamban 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata mabuƙata a asibitocin da aka zaɓa, kuma yana da kyau kowane gida su tambaya tun wuri wane asibiti ne a kusa da su ke cikin shirin. Mu dai Allah bai kai mu can ba. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta haifi 'ya mace, kilo 2.4. Aka ci gaba da maganin jijjiga har awa 24 bayan haihuwa, domin ciwon yana iya bugewa ko bayan an sauka.

Jego, da abin da na gani da na waiwaya

Jayayya ta gaba a kan jego aka yi ta. Hajiya ta so a matse dakashi a zubar, Sista ta ce shi ne rigakafin farko, kuma an riga an ɗora jaririyar a nono tun cikin awar farko. Cibiya aka shafa mata man kulohezidin mai kashe ƙwayoyin cuta maimakon gashi da tsumma. An yi mata alluran ranar haihuwa kafin a sallame su. Mai wuyar ita ce wankan jego da kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa, suka danganta shi da tafasasshen ruwa, kwanciya a gado mai wuta a ƙasa, da gishirin da ke cikin kanwa. Ga mai hawan jini abin ya fi haɗari. Da ni na faɗa, da an ce boko ne. Kaka ce ta yanke hukunci: wanka za a yi, da ganye, safe da yamma, amma ruwan da hannu zai iya zama a ciki, kunu za a dama, ba kanwa. Ba wanda ya musa mata.

Masana lafiyar mata, tun 1994, suna kasa jinkirin da ke kashe masu ciki gida uku: jinkirin yanke shawarar fita, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. A namu lamarin na farko ya ci kwana uku, na biyu awa biyar, na uku ƙasa da rabin awa. Na biyu da na uku sun gajarta ne saboda abin da aka tsara tun Agusta: izini, kuɗi a ƙulle, mai jirgi, direba, da ungozomar da ta riga mu isa. Na farko shi ne ya kusa cin mu, kuma wadda ta karya shi tsohuwa ce da ba ta iya karanta lambar da ke bayan katin ba.

Kuskurena guda biyu ne. Na dogara da ranar da muka sa, alhali gulbi ya kamata in duba. Da na ji jinin ya ɗaga a mako na 33, ranar ya kamata in je in taho da su. Na biyu, na'urar awon jini mai batir kuɗinta bai kai na ragon suna ba, kuma akwai ɗalibai a ƙauyen da za su iya karanta lambarta a waya. Ban yi tunaninta ba sai a cikin motar asibiti.

Akwai kuma abin da ke damuna har yanzu. Duk wannan ya rataya ne a wuyan mace ɗaya da wayarta. Daren Alhamis ɗin nan ba aikinta ba ne, ba asibitinta ba ne, ba kuma wanda ya biya ta. Ranar da ta tarye mu a babban asibiti, matan gundumarta sun kwana ba ungozoma a bayan taga.

Da aka yi arba'in muka koma wurinta awon mako shida. Jinin ya sauka zuwa 120 bisa 80, jaririya ta ƙara nauyi, aka yi mata alluran mako shida. Sista ta yi musu maganar tazarar haihuwa su biyu, ƙofa a rufe. Sannan ta ɗauki jan biro ta rubuta a saman katin cewa an yi hawan jinin ciki a haihuwar fari. Ta ce duk ran da aka sake samun rabo, a zo tun watan farko da aka rasa al'ada, domin akwai ƙaramin asfirin da sinadarin kalsiyam da ake ba irinta tun da wuri, bisa umarnin ma'aikacin lafiya. Amarya ta karɓi katin da hannu biyu, ta naɗe shi a leda, ta tambaya da bakinta, ba tare da ta dube ni ba, ko za a iya rubuta mata lambar a wata takarda daban, don akwai 'yar maƙwabtansu da za a kawo goyon ciki bayan girbi.